Yadda Gambo Ya Busa Ƙwallon Tuta a Gaya

A tashar motar Dosso da ke Gaya akwai wani ɗan kamasho ana ce masa Gambo Alfari. In ka taɓa shiga mota a wurin, to ka san muryarsa. Shi ne mai rantse maka cewa mutum ɗaya ya rage mota ta tashi, alhali direba yana gida bai gama wanka ba. Tun da aka haifi Gambo ba a taɓa ambaton wani abu ya ce bai sani ba. In ana zancen jirgin sama, ya taɓa ba matuƙi shawara. In ana zancen tiyata, saura kaɗan ya yi wa wani a Malanbil, wuƙar ce ba ta da kaifi.

To, bana wata malamar motsa jiki, Madam Sakina, ta je horo Yamai ta dawo da sabon wasa, ƙwallon tuta. Mutum biyar-biyar ake yi. Kowane ɗan wasa yana ɗaura bel a ƙugu mai ƙyalle biyu suna reto, ɗaya a dama ɗaya a hagu, su ne tutocin. Ba a shuri, ba a kayar da kowa. Jifa ake yi da hannu, a cafe, a ruga. In abokin hamayya ya fizge maka ƙyalle, gudunka ya ƙare a nan. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya ci maki shida.

Wasa ya karɓu. 'Yan kabu-kabun Gaya suka kafa ƙungiya, masuntan Tunuga suka kafa tasu. Aka sa ranar Asabar za su kara, wanda ya yi nasara shi zai je gasar Dosso. Madam Sakina da ta koyar da su duka ita ya kamata ta busa, amma Jibo, kapiten ɗin 'yan kabu-kabu, ya ce sam, uwarta 'yar Tunuga ce. Zakariya'u, kapiten ɗin masunta, ya ce shi ma bai yarda ba, don kullum Jibo ne ke kai ta lakol, makarantar da take koyarwa, a babur. Sai aka nemo arbitir, wato alƙalin wasa, daga Dosso. Ranar Alhamis mutumin ya bugo waya ya ce a yi haƙuri, Asabar ɗin ce sunan ɗansa.

Alhaji Yakuba, shugaban kwamitin wasan, yana zaune wurin mai shayin tasha yana kukan wannan matsala, sai Gambo ya ajiye kofinsa a hankali.

"Alhaji, wai a kan ƙwallon tuta kuke wannan jimami? Ina cikin garin nan da raina?"

"Ka san wasan ne, Gambo?"

"Na san shi? Lokacin da nake yaron kamyo mai dakon kaya, a bakin teku a Kotonu, ni Turawa ke jira kafin su fara. Ranar da ban zo ba, zama suke yi su buga tagumi har rana ta faɗi."

Gaskiyar magana ita ce, Gambo ya taɓa tsayawa minti goma a bakin tekun yana cin soyayyar doya, yana hangen wasu daga nesa suna jifan juna da wani abu, har wani kare ya zo ya kore shi. Amma Alhaji bai je Kotonu ba, kuma Asabar jibi ce. Ya ce an ba shi.

Kafin Gambo ya ƙarasa shayinsa ya gama tsara rayuwarsa. Zai busa na Gaya, a gani a yaba, a tafi da shi Dosso a kujerar gaba. Daga Dosso sai Yamai, daga Yamai sai tele. Duk direban da ya taɓa ce masa "kauce ka ba ni wuri" zai gan shi a akwati yana nuna wa mutane yatsa.

Ranar Juma'a da safe Madam Sakina ta kawo masa kayan aiki: usur, ƙwallo biyu, wani ƙyalle ruwan ɗorawa mai ƙullin yashi a kai, da ɗan littafin dokoki na Faransanci.

"Malam Gambo, ka ba ni awa ɗaya mu bi dokokin tare. Akwai wurare masu rikici."

"Madam, ni za ki karanta wa doka? Wanda ya rubuta littafin nan ma ina jin na san shi. Wani dogo ne mai sanƙo."

"Mace ce ta rubuta."

"To matarsa ce. Je ki huta, Madam."

Tana juya baya ya zaro ƙwallayen daga buhu, ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Duka biyun dogaye ne, masu tsini gaba da baya kamar gwanda. Nan take ya nufi rumfar Issa mai faci.

"Issa, dubi abin da aka turo mana daga Yamai. An danne su cikin kaya har sun lotse. Ba wannan iska ta dawo hayyacinta."

Issa ya juya ta, ya duba ɗinkin. "Ni dai da alama haka aka ƙera ta."

"Kai ka je Kotonu ko ni? Ba ta iska."

Issa ya ba ta iska. Ta yi tauri, tsini yana nan.

"Ƙara."

"Gambo, ta fara kuka."

"Miƙewa take yi. Ƙara!"

Ƙarar da ta biyo baya har jami'an duwan da ke bakin gadar kan iyaka sai da suka miƙe tsaye. Wani jaki da ke tsaye da amalanke cike da rake ya zabura ya bi kasuwa, yana raba wa jama'a rake kyauta. Mai ƙosai ta bar kaskonta ta shige shagon tela. Gambo ya karkaɗe guntun fata daga hularsa, ya miƙa wa Issa ƙwallo ta biyu. Allah ya sa Madam Sakina ba ta yi nisa ba. Ta iso a guje ta fizge ta, ta rungume kamar jaririya.

"Malam Gambo, haka ake yin ta! Mai tsini ce!"

"Na sani, Madam. Gwajin inganci ne. Arbitir na gaske ba ya barin ƙwallo ta shiga fili bai jarraba ta ba. Waccan ta faɗi jarrabawa."

"To wannan ba za ta zauna jarrabawar ba," in ji ta, ta tafi da abarta.

Da yamma ya dawo gida da riga mai ratsin fari da baƙi, wadda tela ya ɗinka masa da yadin katifa, don shi kaɗai ne mai ratsi a shagon. Ya saka, ya tsaya tsakar gida yana jiran yabo. Matarsa Zeinabu tana tace zoɓon da za ta kai filin wasa ta sayar. Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa.

"Baban Nasiba, in ka gaji a filin, sai ka kwanta a kan kanka."

Bai kula ta ba. Ya zauna ya buɗe littafin dokoki. Gambo a aji biyu ya yi sallama da lakol, don haka ya bar rubutun ya huta, ya bi hotuna. Ya ga hoton wani arbitir ya ɗaga hannu biyu sama.

"Kin ga wannan? Alamar 'ban gani ba, babu ruwana' ke nan. Turawa akwai gaskiya. Ko ba su gani ba sai sun faɗa."

"Ka tabbata? Ga Madam nan kusa, ka tambaye ta."

"Zeinabu, ki ji da zoɓonki."

Asabar bayan la'asar fili ya cika. Mutanen Tunuga sun zo mota biyu da ganguna. 'Yan kabu-kabu sun jera babura gefe guda suna ta danna oda. Aka kafa wa manyan baƙi rumfa a ƙarshen fili, Alhaji Yakuba a tsakiya cikin farar babbar riga. 'Yan kabu-kabu suka ɗaura tutoci ruwan ɗorawa, masunta shuɗaye. Madam Sakina ta tsaya gefe da allon lakol da alli don rubuta maki. Sai ga Gambo ya shigo yana ɗaga wa jama'a hannu, wani daga cikin taro ya yi ihu: "Nawa katifar?"

Aka fara. Ɗan wasan kabu-kabu na tsakiya ya sunkuya, ya miƙa wa Jibo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, yadda ake fara kowane zagaye. Gambo ya busa usur kamar an taka shi.

"Laifi!"

"Laifin me?" in ji Jibo. "Ko motsi ba mu yi ba."

"Rashin ladabi. Ka ga inda yaronka ya juya wa su Alhaji? A gidanku haka ake gaida manya?"

"Malam Gambo, haka ake farawa!" Madam ta yi kira daga gefe.

"Na sani, Madam. Tarbiyya nake tunasar da su. A ci gaba."

Aka ci gaba. Jibo ya jefa, wani nasu ya cafe ya ruga, wani masunci ya bi shi ya fizge masa tuta ya ɗaga sama. Usur ya sake tashi. Gambo ya taho yana huci.

"Kai, ɗan samari! A gabana? Da rana tsaka? Mayar masa da kayansa, ka ba shi haƙuri."

Zakariya'u, wanda Hausarsa ta kasuwa ce amma tana isar da saƙo, ya matso. "Arbitir, wannan shi ne wasa. In ba cire tuta, me muka zo yi? Kallon rigarka?"

"Ka iya bakinka, kapiten. A Kotonu sai an nemi izini ake cirewa."

Madam Sakina ta shigo fili da kanta, ta ja shi gefe, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Cire tuta halal ne. Abin da ake so ya kula da shi, mai jifa yana da daƙiƙa bakwai kacal ya saki ƙwallo, in ya wuce an kashe zagayen. Ya ƙirga da ƙarfi kowa ya ji.

"Abin da nake shirin yi ke nan kika katse ni," in ji Gambo.

Jibo ya karɓi ƙwallo, Gambo ya soma: "Ɗaya! Biyu! Uku!" Daidai nan wani babban mai motocin tasha ya iso rumfar baƙi. Gambo ya cire hula ya rusuna.

"Barka da isowa, ranka ya daɗe. Ina gajiya? Ya iyali? Ya jikin Hajiya? Madalla. An samu tayar nan kuwa? To, Allah ya rufa asiri."

Jibo yana tsaye da ƙwallo, ya duba dama, ya duba hagu, ya gyara bel, har ya sosa ƙeya. Masunta suna ta ihu da yarensu na Dandanci. Gambo ya gama gaisuwa, ya mayar da hula, ya juyo.

"Huɗu!"

Da ƙwallo ta koma hannun masunta sai aka ga wasa. Zakariya'u ya cafe wata doguwar jifa, ya goce wa mutum biyu, ya miƙe fili babu kowa a gabansa. Gambo ya bi shi da gudu, usur a baki. Mutumin da shekara ashirin gudunsa bai wuce daga benci zuwa ƙofar mota ba, taki goma ya fara haki, kuma kowane haki sai usur ya ce fiit. Zakariya'u ya ji busa, ya tsaya cak, saura taki uku ya shiga. Wani ɗan kabu-kabu ya zo a natse ya zare masa tuta.

"Me na yi?" in ji Zakariya'u.

Gambo ya dafa gwiwa, ya kasa magana, usur yana ta amsawa a madadinsa. Da numfashi ya dawo ya ce, "Gudu ya yi yawa. Fili ne nan, ba kogi ba."

Bai gama farfaɗowa ba ya tafi gefe wurin Zeinabu neman ruwa. Yana cikin sha, ya ba fili baya, Jibo ya ruga da ƙwallo. Wani masunci ya cire masa tuta tun da sauran mita biyar, kowa ya gani, amma Jibo ya ƙarasa cikin gidan masunta a ƙarshen fili ya yi tsalle. Mutum goma suka yo kan arbitir, kowa da bakinsa. Gambo ya tuna hoton littafi. Ya ɗaga hannu biyu sama, ya tsaya ƙyam.

Babura suka ɗauki oda gaba ɗaya. 'Yan kabu-kabu suka rungume juna.

"Murnar me kuke yi?" in ji Gambo. "Cewa na yi ban gani ba."

"Alamar an ci ke nan, Malam Gambo!" in ji Madam, muryarta har ta dushe. "Ka ba su maki shida!"

"Shida? Ci ɗaya? Wa ya yanka wannan farashi?"

"Ka ɗaga hannu, jama'a shaida," in ji Jibo. "Shida."

"Sifiri," in ji Zakariya'u. "Ga tuta a hannunmu."

Nan Gambo ya ji ya dawo fagen da ya sani. Ya tsaya tsakaninsu ya gyara tsayuwa. "Jibo, rage wani abu. Shida ta yi yawa, kai ma ka sani."

"Biyar."

"Albarka," in ji Zakariya'u. "Ɗaya."

"Haba kapiten, yaron nan ya yi gudu, dubi gumi. Ƙara masa."

Aka yi ta ja har aka daidaita a uku da rabi. Su kuma masunta Gambo ya ba su uku na haƙuri, saboda wancan da usur ya cinye. Ya juya ya ce Madam ta rubuta. Madam ta dubi allo, ta dubi alli, ta ajiye shi a ƙasa, ta ce ita a Yamai ba a koya mata rabin maki ba.

Lokacin hutu Madam ta same shi yana share wuya da ƙyallen nan ruwan ɗorawa.

"Wannan ba na gumi ba ne. In ka ga laifi, shi za ka jefa ƙasa daidai wurin, ka bar zagayen ya ƙare, sannan ka busa ka faɗi hukunci."

"Ɗumama shi nake yi, Madam."

Ana dawowa ya ƙudura sai ya nuna wa Gaya yadda ake jifa. Wani masunci ya ɗan ture ɗan kabu-kabu, laifi na gaske, karo na farko da Gambo ya gano ɗaya. Murna ta kama shi. Ya kama wutsiyar ƙyallen ya wulwula sau uku kamar mai korar tsuntsu a gonar shinkafa, ya saki. Ƙullin yashi ya tsallake 'yan wasa, ya tsallake layi, ya shiga rumfar baƙi, ya sauka cikin kofin zoɓon da ke hannun Alhaji Yakuba. Farar babbar riga ta koma kamar an yanka rago a kanta.

Alhaji ya tsamo ƙyallen da yatsa biyu.

"Arbitir, ni kuma laifin me na yi?"

"Babu, ranka ya daɗe. Iska ce ta kogi."

Ya karɓo shi yana rusunawa, ya rantse a ransa ba zai sake jefa shi ba. Don kada ma hannunsa ya yi kuskure, ya zaro bakin mazagin wandonsa ya ƙulle ƙyallen tam, ya bar shi yana reto a kwankwaso.

Saura minti biyu, uku da rabi da uku. Jibo ya ja baya zai jefa, wani masunci ya taso masa, ya saki ƙwallo ba saiti. Ta yi sama, ta juya, ta sauko daidai ƙirjin Gambo da ke tsaye tsakiyar fili inda bai kamata ya tsaya ba. Hannuwansa suka rufe a kanta da kansu.

Ya ɗaga kai ya ga ƙarti goma sun yo kansa. Duk ilimin Kotonu ya gudu ya bar shi. Shi ma ya juya ya zura da gudu, ƙwallo a ƙirji, usur yana fiit-fiit, jama'a suna ihu. 'Yan kabu-kabu suna bin sa su karɓi ƙwallonsu. Masunta kuwa abu ɗaya suka gani: mutum yana gudu da ƙwallo, ƙyalle ruwan ɗorawa yana reto a ƙugunsa, kuma ya nufi gidansu. Wata uku Madam tana koya musu abin da ake yi wa irin wannan mutum.

Zakariya'u ya cim masa daidai gaban rumfar baƙi. Ya damƙi ƙyallen, ya fizga da hannun da ya saba jan taru cike da kifi. Ƙyalle ya taho, mazagi ya biyo shi gaba ɗaya, tsawon kamu uku. Wando ya sauka har idon sawu, ya harɗe ƙafafu, Gambo ya tafi rub da ciki a gaban Alhaji, ƙura ta tashi.

Da ƙura ta lafa aka ga gajeren wandon da ke ciki. Na atamfa ne, shuɗi, mai zanen kifaye manya-manya.

"Allahu akbar!" in ji Zakariya'u. "Ashe namu ne!"

"Kun gani ko!" Jibo ya yi kururuwa. "Da rigar Tunuga ya shigo ta ƙasa!"

Makaɗan Tunuga suka saki ganga. Mata suka rufe fuska da gyale suna leƙe ta gefe. Alhaji Yakuba, duk da rigarsa, dariya ta ci ƙarfinsa har sai da aka riƙe masa kujera. Gambo ya tattaro wando da hannu biyu, ya miƙe, ya so ya busa ya kori Zakariya'u, amma usur yana wuya, hannu kuma babu mai sauƙin saki.

Jibo da Zakariya'u suka dubi juna. Suka tafi tare wurin Madam Sakina.

"Madam, ko uwarki ce sarauniyar Tunuga, ki zo ki busa," in ji Jibo.

"Ko Jibo ya goya ki zuwa Makka, mun yarda," in ji Zakariya'u.

Aka goge allo, aka sake wasa daga farko. Gambo ya koma gindin wata bishiyar bedi ya zauna, wando a dunƙule a hannu, yana gaya wa duk wanda ya wuce cewa da gangan ya yi, don matasa su ga kurakuran da arbitir bai kamata ya yi ba. Wani tsoho ya ce masa lallai ya iya koyarwa, ko ɗaya bai tsallake ba. Kafin magariba masunta suka ci sha tara da sha biyu, suka ɗauki Zakariya'u a kafaɗa, shi kuma yana kaɗa mazagin Gambo sama. Aka roƙe shi ya mayar, ya ce wannan Tunuga za shi, a rataye a ofishin ƙungiya.

Zeinabu ta zo da bokitinta, zoɓo ya ƙare kaf.

"Baban Nasiba, tashi mu tafi."

"Sai kowa ya watse."

"Ba za su watse ba, kai suke jira."

Ta warware tsumman gammonta, ta ɗaura masa a ƙugu a kan wandon, ta ƙulle. Tsumman dogo ne, bakinsa biyu suka sauko suna reto, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Suna fita bakin fili 'yan kabu-kabu suka gani. Wani ya tayar da babur a hankali ya biyo shi, ya miƙo hannu. Gambo ya dafe dama. Wani ya ɓullo ta hagu, ya dafe hagu. Haka ya bi titi yana tafiyar kaguwa, hannu biyu a kwankwaso, babura shida suna rakiya.

Madam Sakina ta zo wucewa a bayan Jibo, ƙwallonta a cinya. Ta ce a tsaya.

"Malam Gambo, ka ga abin da kake yi yanzu? A dokar wasan nan, kare tuta da hannu laifi ne. Mita biyar ake mayar da mutum baya."

Gambo ya dube ta, ya dubi baburan, ya ƙara damƙe tsumma.

"Madam, ko Tunuga za a mayar da ni, ba zan saki ba."